Na koma sigarin laturoni, amma tari da ƙawar taba sun hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 38, na yi shekara 16 ina shan sigari, kwali guda a rana. Mako uku ke nan da na sayi sigarin laturoni, ƙaramin nan mai kama da biro, da ruwa mai ƙamshin kirfa da na'ana'a wanda aka rubuta 6mg a jikin kwalbarsa. Har yanzu ina shan kara huɗu ko biyar a rana, musamman da na tashi daga barci da kuma in aiki ya matsa mini. Maƙogwarona yana kartawa, ina tari da atishawa, gefen leɓena yana ƙaiƙayi. Da ma ina da alajin ƙura tun ina yaro, maganin da nake sha yana sa ni gyangyaɗi, shi ya sa na ƙara yawan kofi. Yanzu barci ya gagara, gabana yana faɗuwa, abu kaɗan ke tunzura ni. Maiɗakina ta ce suna kawai na canza wa shan tabar. Shin jikina ne bai karɓi na'urar ba? In jefar da ita ne?

Mai neman mafita

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka jefar da ita tukuna. Wanda ya sauko daga kara 20 zuwa biyar cikin mako uku ya yi ƙoƙari, kuma kusan duk abin da ka lissafa an san dalilinsa, an san gyaransa. Abin da ya rikita maka lissafi shi ne abubuwa da yawa sun auko maka lokaci guda, kai kuma ka tattara laifin ka ɗora wa na'ura. Za mu warware maka su, mu fara da wanda ya fi nauyi.

Nikotin ɗin da kake samu ya yi kaɗan. Karan sigari ɗaya yana shigar da kimanin miligiram 1 zuwa 2 na nikotin cikin jini, don haka mai shan kwali guda jikinsa ya saba da miligiram 20 ko fiye a kullum. Lambar 6mg da ke jikin kwalbarka tana nufin miligiram 6 a kowane mililita ɗaya na ruwan. Ƙaramar na'ura irin taka ba kasafai take cinye fiye da mililita 2 a yini ba. Ka ga duka-duka miligiram 12 ke nan, kuma ba dukkansa ke shiga jini ba. Giɓin da ya rage shi ne kake cikewa da kara huɗun nan ko biyar. Na safe kuwa dalilinsa a fili yake: rabin nikotin da ke cikin jini yana ƙarewa cikin kimanin awa biyu, saboda haka bayan barcin dare jiki yana wayar gari da ƙishirwarsa. Ba rashin ƙarfin zuciya ba ne ke kai hannunka ga kwali da asuba.

Ga mai shan kara 20 a rana, ruwa mai 18mg ko 20mg ne ya dace da ƙaramar na'ura. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, 20mg shi ne iyakar abin da doka ta yarda a sayar, kuma ba ka buƙatar abin da ya wuce haka. Nikotin ɗin iri biyu ne. Akwai na asali, wanda yake karta maƙogwaro idan ƙarfinsa ya kai 18mg, akwai kuma wanda ake kira gishirin nikotin, wanda aka gauraya da wani ɗan sinadari mai tsami don ya yi laushi a wuya. Tunda maƙogwaronka ya riga ya ƙosa, na biyun ya fi dacewa da kai. Amma ka kula da wannan sosai: ruwa mai ƙarfi haka na ƙaramar na'ura ne kawai, wadda kwayil ɗinta, wato wayar da ke dumama ruwan tare da audugar da ke tsotso shi, ya kai ohm 1 ko kusa da haka (ohm ma'aunin juriyar wayar ga lantarki ne). Manyan nan masu fitar da tururi kamar gajimare, waɗanda kwayil ɗinsu yake ƙasa da haka sosai, 3mg zuwa 6mg ake zuba musu. In ka zuba musu 20mg za ka ga jiri, tashin zuciya, shaƙuwa, ciwon kai da zufa mai sanyi. Ko a ƙaramar ma, waɗannan alamun suna nufin ka yi yawa. Ka ajiye ta na awa ɗaya, in abin yana maimaituwa ka sauka zuwa 12mg.

Yadda ake zuƙar ma ya bambanta. Mai sigari ya saba da fisga gajere mai ƙarfi, wanda a na'ura yake janyo ruwa ya malalo baki kuma ya sa tari. A hankali ake ja, na tsawon sakan uku zuwa huɗu, tururin ya taru a baki, sannan a shigar da shi ƙirji. Hayaƙin sigari yana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin sakan 10 zuwa 20. Na'ura takan fi haka jinkiri. Don haka kar ka jira sai ƙawa ta kai maka wuya. Zuƙa kaɗan-kaɗan a tsawon yini ta fi zama guda mai yawa, kuma da dare ka ajiye na'urar a cike, da caji, a inda hannunka zai fara kaiwa da safe. Idan na safen ya ci gaba da rinjayarka, ka tambayi mai harhaɗa magunguna a kan filastar nikotin da ake manna wa a fata. Wanda ke shan fiye da kara goma a rana yakan fara da mai 21mg ta awa 24, kuma ana iya haɗa ta da na'ura. Tunda fatarka tana da saurin bori, ka riƙa sauya wurin mannawa kullum. In ta hana ka barci ko ta kawo mafarkai masu nauyi, sai a riƙa cire ta kafin kwanciya.

Da zarar ka gyara ƙarfin ruwan, ka yanka rana cikin mako guda da za ka rabu da sauran karan gaba ɗaya. Muna matsa maka a nan don raguwa ba ta kare zuciya yadda mutane ke zato. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Ranar jajibiri ka fitar da kwali, laita da ashana daga aljihu, mota da teburin aiki. Ka tanadi kwayil biyu na ko-ta-kwana da kwalbar ruwa ta biyu, domin mutuwar batir ko ƙonewar kwayil da yamma suna cikin abubuwan da suka fi mayar da mutum ga sigari.

Yanzu ga batun maƙogwaro da ƙaiƙayi, wanda shi ne ainihin abin da ya tayar maka da hankali. Abu uku ne masu kama da juna suke iya jawo su.

Na farko, ruwan na'ura yana ɗauke da sinadarai biyu da za ka ga an rubuta PG da VG, sai nikotin da kayan ƙamshi. PG siriri ne, shi ke ɗaukar ƙamshi kuma ya ba da ɗan bugun nan a wuya, amma yana tsotse danshi. Shi ya sa sabon mai amfani yake fama da bushewar baki, kartar maƙogwaro da busasshen tari. Wannan fusatar fata ce kawai, takan ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma kurɓar ruwa akai-akai yana sauƙaƙa ta. Na biyu, ƙirjinka yana shara. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan gasusuwa ƙanana da ke turo majina waje, hayaƙi yana kashe musu ƙarfi, in hayaƙin ya ragu sai su farfaɗo su kama aiki. Tari mai kaki, alamun mura, har da gyambon baki suna yawan fitowa a makonnin farko, ko da mutum bai taɓa riƙe na'ura ba. Na ukun shi ne alaji na gaskiya, kuma shi ya fi ƙaranci. Alamarsa ita ce ƙaiƙayi, ja, ƙuraje ko ɓawo a inda abin ya taɓa, yana dawowa duk lokacin da aka sake taɓawa, kuma ba ya raguwa da sabo.

Ƙaiƙayin gefen leɓenka ne ya sa muka fi zargin ƙamshin. Sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta sananne ne wajen jawo borin fata a leɓe da cikin baki, har a man goge haƙori da cingam an san shi da haka, kuma na'ana'a ma tana yi wa wasu. Hanyar ganewa ita ce a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a ba shi kwana biyar zuwa bakwai, ana rubuta abin da aka gani. In ka canza komai rana ɗaya, ko ka samu sauƙi ba za ka san mai laifin ba. Ka fara da ruwa marar ƙamshi ko kaɗan, a sabon kwayil da tankin da aka wanke, don tsohuwar audugar tana riƙe da kirfar. Ka riƙa goge bakin na'urar safe da yamma, domin ɗigon ruwan da ke taruwa a wurin yana zama a kan leɓe tsawon yini.

In mako ya wuce ba sauƙi, sai a duba PG. Yawancin ruwan ƙananan na'urori rabi-da-rabi ne. Ka gwada mai VG kashi 70, PG kashi 30. Akwai tarko a nan. VG yana da kauri, ba ya saurin jiƙa audugar ƙaramin kwayil, sai ta bushe ta ƙone, ka zuƙi wani ɗaci mai ƙauri da ya fi abin da kake gudu illa ga maƙogwaro. Don haka ka tabbata kwayil ɗin yana da ramuka masu faɗi da za su ɗauki ruwa mai kauri, kuma ka riƙa barin sakan 20 zuwa 30 tsakanin zuƙa da zuƙa.

Na ƙarshe a jerin gwajin shi ne ƙarfe. Idan agogo ko kan bel ya taɓa fitar maka da ƙuraje, wataƙila jikinka ba ya shiri da ƙarfen nikel. Ka sauya bakin na'urar zuwa na roba ko gilashi. Wayar kwayil ma iri-iri ce: wadda aka rubuta Ni80 kusan kashi 80 cikin ɗari nikel ce, bakin ƙarfe marar tsatsa yana da kaɗan, ita kuwa Kanthal ƙarfe ne da kuromiyam da alminiyam. Likitan fata yana iya yin gwajin manna sinadarai a gadon baya na kwana biyu ya tabbatar maka da wanda jikinka ke ƙi.

Kafin ma ka zargi jikinka, ka duba kwayil ɗin da ke ciki yanzu. In tun da ka saya ba ka sauya shi ba, ya wuce lokacinsa. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi, kuma ruwa mai zaƙi ko mai duhu yana saurin daskare masa. Sabon kwayil ana ɗiga masa ruwa kaɗan a kan auduga, a cika tanki, a jira minti biyar zuwa goma kafin zuƙar farko. Kar ka bari ruwa ya sauka ƙasa da ramukan kwayil.

Akwai alamun da ba a yi musu gwaji a gida. Kumburin leɓe, harshe ko fuska, shaƙewar murya, wahalar haɗiya ko numfashi, ko borin jini da ya bazu a jiki: a ajiye na'ura a nufi asibiti nan take. In numfashinka yana fita da ƙara kamar usur, ko ƙirji yana ɗaurewa da dare, ka sani masu alajin hanci da yawa suna da asma ba su sani ba, kuma tururi yana iya tayar da ita. Jini a kaki, zazzaɓi, ramewa ko ciwon ƙirji su ma na likita ne. A gaskiya, da shekara 16 na sigari da tarin da ya kai mako uku, muna so likita ya saurari ƙirjinka ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma kada ka taɓa zuba wa na'ura mai, turare, ko ruwan da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Cutar huhun da ta ɓarke a Amurka a 2019, wadda ta kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti ta kashe 68, an danganta ta ne da wani mai na bitamin E da ake gaurayawa cikin ruwan wiwi na bayan fage.

Atishawar kuwa mai yiwuwa tsohon alajinka ne, ba sabon abu ba. Maganin da ke sa ka gyangyaɗi da alama irin na da ne, kamar chlorpheniramine, wanda ban da barci yana busar da baki da maƙogwaro, ya ƙara wa PG ƙarfi. Ka nemi a sauya maka zuwa loratadine ko cetirizine, miligiram 10 sau ɗaya a rana; loratadine ya fi ƙarancin sa barci. In hanci ne ke toshewa, feshin hanci mai sitiroyid ya fi ƙwaya aiki, sai dai yana buƙatar kwanaki ana fesawa kullum kafin a ga amfaninsa. Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa, da sharaɗin ruwan tafasasshe ne da ya huce. Ka guji magungunan mura masu pseudoephedrine a wannan lokacin, don suna ƙara bugun zuciya da rashin barci.

Faɗuwar gaba da rashin barcin nan, kofi yana da babban hannu a ciki, kuma wannan shi ne abin da ba a cika faɗa wa masu barin taba ba. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi. Aikin hayaƙin ne, nikotin ba ya yin haka, don haka na'ura ba ta maye gurbinsa. Da hayaƙi ya janye, hanta takan koma yadda take, sai kofin da ka saba sha ya yi maka aikin kusan biyu. Kai kuma ƙari ka yi. Ka rage zuwa rabin abin da kake sha a da, a hankali cikin 'yan kwanaki don gudun ciwon kai, kuma kar ka sha bayan tsakar rana. Wannan sauyin na hanta yana shafar wasu magunguna, irin su theophylline na asma, clozapine da olanzapine na lafiyar ƙwaƙwalwa, da warfarin na tsinka jini. Masu allurar insulin ma sukan buƙaci gyaran awo. In kana shan ɗaya daga cikinsu, ka sanar da likitanka kafin ranar da ka yanka.

Batun matsin aiki yana buƙatar a faɗi gaskiya. Natsuwar da kake ji bayan ka kunna kara, yawancinta ƙishirwar nikotin ce ta kwanta, wadda ita ce da ma ta ƙara maka ƙunci. Wani nazari da ya tattara bincike 26, wanda BMJ ta wallafa a 2014, ya gano cewa waɗanda suka bar sigari damuwarsu da fargabarsu sun ragu idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba. Sai dai ba a makon farko ake ganin haka ba. Saurin fushi da rashin natsuwa sun fi tsanani a kwana ukun farko zuwa mako guda bayan karan ƙarshe, su yi ta sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Kai da kake tsakiya, ba ka bari ba kuma ba ka ƙoshi ba, kullum kana cikin kwanakin farkon ne.

Ban da nikotin, sigari yana ba ka abubuwa na gaske: tashi daga kujera, fita waje, minti biyar da ba mai kiranka, da dogon numfashi. Kar ka yar da waɗannan tare da kwalin. In abu ya taso a wurin aiki, ka tashi ka fita kamar yadda ka saba, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi ta baki kana ƙirga shida, sau goma, sannan ka yi zuƙa biyar ko shida a na'ura ka jira. Ƙawa takan taso ta kai ƙololuwa ta sauka cikin 'yan mintoci, kuma tafiya da sauri ta minti biyar zuwa goma tana rage mata kaifi. Ka yi kwana uku kana rubuta lokaci da dalilin kowane karan da ka sha. Za ka tarar wurare biyu ko uku ne kawai suke maimaituwa, kuma kowanne ana iya shirya masa tun kafin ya zo. In baƙin ciki ya zauna maka fiye da mako biyu, ko ka daina jin daɗin komai, wannan ya wuce na barin taba, ka gaya wa likita.

Maganar maiɗakinka tana da ƙamshin gaskiya, kada ka yi fushi da ita. Inda ta yi kuskure shi ne a kan illa. Abin da ke kashe mai sigari ƙonewa ce: hayaƙin yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo kansa, ga kwalta, ga iskar da ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa yadda ya kamata. Na'ura ba ta ƙona ganye, don haka gubarta ta yi ƙasa sosai, ko da yake ba ta rasa illa ba, kuma wanda bai taɓa shan taba ba ba shi da dalilin kusantarta. Hukumomi ma sun rabu: hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba manya masu shan sigari shawarar amfani da ita don bari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa ta cikin hanyoyin da ta amince da su ba. Inda maiɗakin taka ta yi daidai shi ne a kan sabo. A wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 886, aka wallafa a 2019, kashi 18 cikin ɗari na masu na'ura sun kai shekara ba sigari, a kan kashi 9.9 na masu filasta da cingam na nikotin. Amma cikin waɗanda suka yi nasara da na'ura, kashi 80 cikin ɗari suna riƙe da ita har bayan shekarar.

Saboda haka ka ba ta tsari mai lokaci, ta san inda aka dosa. Wata uku cur ba kara ko ɗaya kafin ka taɓa ƙarfin ruwan, domin saurin ragewa shi ke mayar da mutane baya. Daga nan 18 ko 20 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, zuwa sifili, kowane mataki aƙalla wata guda. In ka sauka sai ka ga kana cinye ruwa ninkin na da, ko sigari ya dawo maka a rai, ka koma matakin baya na wasu makonni. A tsawon wannan lokacin ka riƙa zuƙa a waje, nesa da yara da mai juna biyu, ka kulle kwalaben inda yaro ba zai kai ba, don ruwan nikotin guba ne ga ƙaramin yaro ko da kurɓi ɗaya ne. Ka yi caji da wayar da ta zo da na'urar, kuma kar ka bar ta a wuta ka kwanta.

In ka gama gwajin ƙamshi, PG da ƙarfe amma fata ko ƙirji suka ci gaba da bori, to na'urar ba taka ba ce, ka ajiye ta ba tare da ka koma kwali ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin jinyar masu barin taba, inda ta amince da magungunan varenicline, cytisine, bupropion da kayan maye gurbin nikotin. Varenicline mako 12 ake sha, cytisine kwana 25, dukansu da sanin likita. Haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai, kuma ga wanda ke kunna sigari cikin rabin awa da tashi daga barci, cingam mai 4mg ake ba shi. Ana tauna shi ne kaɗan har a ji yaji, a ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, a sake taunawa in yajin ya gushe, na kimanin rabin awa. Wanda ya tauna shi kamar cingam ɗin yara, nikotin ɗin ciki yake tafiya ya bar shi da shaƙuwa da ƙwannafi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sauƙaƙa maka. Ka sake rubuto mana bayan mako biyu da abin da ka gani a gwajin ruwa marar ƙamshi, da adadin mililitan da kake cinyewa a rana.